Nazarin Yadda Wani Malamin Makaranta a Kano Ya Zaɓi Ƙaramar Motar Hannu da Kuɗi Ƙalilan

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mallakar mota a Najeriya ya sauya gaba ɗaya. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000 a yawancin gidajen mai. A watan Yuni na 2023 ɗin aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, kuma da yake da farashin canji ake lissafa harajin kwastan, kuɗin fito da mota daga tashar jiragen ruwa ya tashi tare da kuɗin sayenta a waje. Wannan ne ya tura masu matsakaicin ƙarfi daga motocin da aka shigo da su kai tsaye, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, zuwa motocin hannu da aka riga aka hau a gida, ya kuma sa ƙananan motoci masu ƙarancin shan mai suka yi darajar da ba su taɓa yi ba.

A cikin wannan yanayi ne wani malamin makarantar sakandare ta gwamnati a Kano ya yanke shawarar sayen mota a ƙarshen 2024. Yana zaune a wata unguwa ta bayan gari wadda hanyarta ba ta da kwalta sai an fito babban titi, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma tafiyarsa ta kullum, daga gida zuwa makarantar yara zuwa wurin aikinsa da dawowa, ta kai kimanin kilomita 30. Yana da babur, amma babur ba ya ɗaukar yara uku da jakunkunansu da safiyar hunturu ko a ranar ruwa, kuɗin Adaidaita Sahu kuwa ya ninka tun da mai ya tashi. Abin da ya tara ya fito ne daga kwasar adashi da rancen ƙungiyar taimakon juna ta malamai, wanda za a riƙa cira daga albashinsa wata-wata. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi kowane tasiri a kan zaɓinsa, domin mutumin da ake yanke wa albashi ba shi da rarar da zai tari babban gyara idan ya taso a watannin farko.

Matakin farko da ya ɗauka bai shafi mota ba. Ya raba kuɗin gida biyar, ya ware kashi huɗu a matsayin iyakar abin da zai biya har da la'adar dillali, ya ajiye kashi ɗaya domin takardu da gyaran farko. Abokan aikinsa da dama sun ba shi shawarar ya sayar da babur ɗin ya haɗa da ajiyar domin ya kai ga mota mai suna, ya ƙi, bisa hujjar cewa duk motar da ta haura shekara 20 dole ta kwana a garejin bakanike lokaci-lokaci, kuma a irin waɗannan ranaku babur ɗin ne zai kai shi aji a kan lokaci. A ganina wannan ƙin shi ne shawara mafi nauyi a cikin lamarin baki ɗaya, ko da yake a lokacin ta rage masa zaɓi ƙwarai.

Da wannan iyaka, tokumbo ta fita daga lissafi tun ba a je ko'ina ba. Tun ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, wanda ya toshe halastacciyar hanyar Kwatano da ta Maraɗi da 'yan kasuwar Arewa suka daɗe suna bi, sa'annan a 2022 Hukumar Kwastan ta koma ƙiyasta haraji da lambar shasin mota maimakon ciniki a kan takarda. Saboda haka abin da ya rage masa shi ne motar hannu, wato motar da tarihinta yake a hannun mutanen da suka hau ta da bakanikan da suka taɓa ta, ba a cikin wani kundi ba.

Motar farko da ta ja hankalinsa ba ƙarama ba ce. Honda Accord ce ƙirar 2003, mai giya otomatik da kujerun fata, kuma farashinta ya faɗo cikin iyakarsa, abin da ya ba shi mamaki har sai da ya zauna ya yi lissafin mai. Tafiyar kilomita 30 a ranakun aiki 22 ta kama kilomita 660 a wata. Injin lita 2.4 irin na Accord, a cunkoson gari, da wuya ya ba da fiye da kilomita 9 a lita guda, wato kimanin lita 73 a wata, alhali lafiyayyen inji mai lita 1.3 zai iya ba da kilomita 14, wato kimanin lita 47. Bambancin lita 26 a farashin naira 1,000 ya kama naira 26,000 duk wata, fiye da sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Arahar manyan motoci a wannan lokaci ba alheri ba ce daga masu su, sun gaji da ciyar da su ne suke neman wanda zai karɓa.

Daga nan kowa ya nuna masa Toyota Corolla, kuma shawarar tana da tushe. Ƙirar 2003 zuwa 2008 tana ɗauke da injin 1ZZ mai lita 1.8, wanda sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar taimin bel, kayan gyaranta sun cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, kuma babu bakaniken da zai ce bai san ta ba. Matsalar ita ce kowa ya san haka, har da masu sayarwa. Sunan Corolla kaɗai yana da farashinsa, ta yadda kuɗin da zai sayi lafiyayyar mota ta wani samfurin ba ya sayen komai a cikin Corolla sai wadda ta sha wuya. Mai ƙaramin ƙarfi da ya nace sai Corolla, a zahiri yana zaɓar mafi lalacewa ne daga cikin samfuri mafi kyau.

Wadda aka kai shi ya gani ta tabbatar da hakan. Dillalin ya gabatar da ita da kalmomin da aka saba ji, cewa fes bodi ce, wato ba a taɓa sake mata fenti ba, ba a taɓa buɗe injinta ba, wata Hajiya ce take hawa zuwa ofis, saya kawai zai yi ya hau. Da suka isa da rana sun tarar injin da ɗumi, alamar an tayar da ita kafin zuwansu, sai bakaniken da malamin ya zo da shi ya nemi a bar ta ta kwana a dawo da sassafe. Washegari da aka tayar da ita a sanyi, shuɗin hayaƙi ya fito daga salansa na ɗan lokaci, kuma da aka zaro ma'aunin baƙin mai an ga mai kauri ne da aka haɗa da maganin da ke rufe hayaƙi. Injin 1ZZ na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai idan ringinsa ya toshe, gyaran kuwa sai an sauke inji. Da aka murɗa makulli ba tare da an tayar ba, dukkan fitilun gargaɗi sun kama ban da fitilar inji da ta jakar iska, ma'ana an cire ƙwan ko an toshe su, da aka sa mata kwamfuta kuma laifuffukan da aka ɓoye suka fito, ciki har da shaidar cewa an kwashe indomin salansa, wato matatar da ke tace hayaƙin mota. Bakaniken ya bi jikin motar da ɗan maganaɗisu, ya ƙi kamawa a ƙofar baya da gefen but saboda kaurin fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya ɗaga tabarmar but ya nuna ƙarfen mazaunin safaya taya a tattare da alamar walda. Motar ta taɓa shan mummunan karo ta baya. Ko da an rage farashin, abin da za a kashe a inji kaɗai ya fi duk ajiyar malamin.

Ya kamata a tsaya a kan bakaniken nan, domin yadda aka ɗauko shi ya bambanta da al'ada. Yawancin masu saye suna barin dillali ya kawo wanda zai duba mota, ko kuma su zo da nasu amma su bar shi ya keɓe da mai sayarwa, daga nan sai a yi masa alƙawarin wani abu idan ciniki ya faɗa, ya koma mai tallar motar maimakon mai bincikenta. Malamin ya ɗauko mutumin da ke gyara wa wani ɗan'uwansa mota shekara da shekaru, ya yi yarjejeniya da shi cewa zai biya shi ladan kowace dubawa ko an saya ko ba a saya ba, ya kuma gaya masa tun farko cewa duk motar da aka saya a hannunsa za ta riƙa zuwa gyara. Da wannan sharaɗi, bakaniken ya san cewa duk laifin da ya rufe ido a kansa yau, shi za a dawo wa da shi gobe.

An wuce wasu motoci da sauri. Golf 3 tana da araha kuma ƙafarta tana jure hanya, amma mafi yawan waɗanda suka rage a kasuwa sun yi shekaru suna lodin fasinja da buhuna tsakanin garuruwa, kuma ƙirar da aka daina yi tun kusan 1997 ta tsufa ta kowace fuska. Peugeot 307 mai giya otomatik bakaniken ya hana ko a tsaya kallonta, saboda akwatin giyarta na AL4 ya yi ƙaurin suna, haka ma wayoyinta, duk da cewa Arewa tana da tsofaffin masanan Peugeot tun zamanin da kamfanin ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975. An kuma kawo wata Toyota Vitz mai tsabta, sai aka gano daga Japan ta fito da sitiyari a dama aka juya shi zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba, shi ya sa ake juyawa, amma aikin ya ƙunshi yanka da walda a wurin da sitiyari da burki suke zaune, kuma ingancinsa ya dogara ne kacokan a kan hannun wanda ya yi. Alamunta ba su da wuyar ganewa ga mai lura, domin sandar sigina tana zama a dama, goge-gilashi kuma yana sharewa ta ɓangaren fasinja.

Motar da ta fi wahalar bari ita ce Pontiac Vibe ƙirar 2005. Vibe tagwayen Toyota Matrix ce, an ƙera ta a wata masana'antar haɗin gwiwa ta Toyota da General Motors a jihar Kalifoniya ta Amurka, injinta da giyarta duk na Corolla ne, ga fili da tsayin ƙasa da suka dace da hanyar unguwarsa. Ta ci jarrabawar bakanike ba tare da wani babban laifi ba, kuma farashinta ya yi ƙasa da na takwarorinta. Da aka nemi takardun kwastan sai mai ita ya ce sun ɓata a ƙaura, amma ga lambar rajista da lasin da ake sabuntawa duk shekara, kuma ya hau ta shekaru babu wanda ya tsayar da shi. Lambar rajista ba ta wanke motar da ba a biya mata haraji ba. Jami'an kwastan suna da ikon kama ta a kan hanya ko bayan shekaru, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ne zai yi asara, ba wanda ya shigo da ita ta daji ba. A watan Maris na 2024 hukumar ta buɗe wa'adin kwana 90 domin masu irin waɗannan motoci su daidaita harajinsu, kuma mai wannan motar bai yi amfani da damar ba. Mutumin da ke zuwa garinsu ta babbar hanya duk Sallah, yana wuce shingayen bincike da iyalinsa a ciki, ba zai iya ɗaukar wannan kasada da kuɗin rance ba, sai ya haƙura da ita duk da matsin dillalin da ya yi ta nanata masa cewa ba zai sake samun irinta ba.

Wadda ya saya a ƙarshe ba ta cikin jerin da ya fara da shi. Toyota Yaris ce ta zubin farko, ƙirar 2002, mai ƙofa biyar da inji lita 1.3 da giyar hannu, wadda aka shigo da ita daga Turai da sitiyarinta na asali a hagu. Wannan zubi, da aka yi daga 1999 zuwa 2005, shi ya lashe kambun motar shekara ta Turai a 2000, injinsa na sarƙa ne kamar na Corolla, kuma da yake jikinsa da ƙafarsa ɗaya ne da Toyota Vitz da Toyota Echo, kayan gyaransa ba sa wuya a Ƙofar Ruwa. Abin da ya sauko da farashinta abubuwa ne da ba su shafi lafiyarta ba. Masu saye a yanzu suna gudun giyar hannu, fentinta ya ƙone a rufi da bonet saboda rana, na'urar sanyaya ciki ba ta aiki, kuma ƙanƙantarta ba ta burge mai son a gan shi. Mai ita ma'aikaci ne da ya yi ritaya, shi ne ya fara yi mata rajista a Najeriya, kuma ya fito da takardun kwastan na asali masu ɗauke da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda aka gwada da ta jikin motar da ta takardar mallaka aka ga sun dace.

An yi mata binciken da aka yi wa Corolla, aka ƙara da wasu. An tayar da ita da sassafe ta tashi a bugu ɗaya babu hayaƙi, murfin baƙin mai ba shi da farin kumfa da ke nuna ruwa ya haɗu da mai, lagireto bai yi tafasa ko kumfa ba bayan an bar ta tana aiki. An hau da ita ramin wanki aka duba ƙarƙashinta, domin motocin Turai suna zuwa da tsatsar gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, aka samu tsatsa ta sama-sama kawai wadda ba ta ci ƙarfe ba. An ɗaga tabarmar ƙasa an duba kusoshin kujeru ko akwai laka da tsatsar da ambaliya ke bari, babu. Ba a ba adadin tafiyar da agogonta ya nuna wani muhimmanci ba, tun da mayar da shi baya aikin 'yan mintuna ne, sai aka duba cinyewar robar feda da sitiyari da kujerar direba. A gwajin hanya, wanda bakaniken ya nace a yi shi a kan kwalta da kuma hanyar burji, an ji ƙarar ƙafar gaba da kukan boris na tayar baya, kuma kulochi yana kamawa can sama, alamar ya kusa ƙarewa. An kuma tarar an cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, aikin da bakanikai da yawa ke yi da sunan kare inji daga zafin ƙasarmu.

Waɗannan laifuffuka su suka zama hujjar ciniki. Malamin bai tsaya kushe motar ba, ya zauna da dattijon ya ce masa, "Baba, motar ta kwanta mini, amma ga abin da bakanike ya lissafa, kuma daga aljihuna zai fito." Aka rage wani abu daga farashin, aka yi sallama a ƙasa da iyakar da ya ɗebar wa kansa, aka biya ta banki domin a sami shaida, aka rubuta takardar cinikayya da sa hannun shaidu na ɓangarorin biyu. Bai bar motar da sunan tsohon mai ita ba kamar yadda mutane da yawa ke yi don gudun kashe kuɗi, ya je ofishin rajistar motoci ya yi canjin mallaka, ya kuma yanki inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun Janairun 2023, daga kamfani kai tsaye maimakon hannun masu yi a bakin ofis, waɗanda takardarsu sau da yawa ba ta cikin kundin inshora na ƙasa.

Kason da ya ajiye ya tafi ne bisa tsarin haɗari, ba bisa abin da ido ke gani ba. An fara da taya, domin lambobi huɗu na gefensu, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna biyu daga ciki sun wuce shekara 4 da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ke ɗauka a matsayin wa'adin taya, kuma a zafin Kano na watan Afrilu tsohuwar taya ba abar wasa ba ce. Sai burki da boris da kayan ƙafar gaba, sai juyen baƙin mai da na giya da sababbin fulogi. An mayar da tamostat an gyara haɗin fanka, duk da cewa sai da aka yi ja-in-ja da mai gyaran waya wanda ya dage cewa motar za ta ɗauki zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana sa kwamfutar mota ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar, don haka cire tamostat yana ƙara shan fetur yana kuma gaggauta cinyewar inji, wato yana rushe dalilin da ya sa aka sayi ƙaramar mota tun farko. Kulochi ya ja wata huɗu kafin ya fara sulɓewa, kuma ragowar ajiyar ce ta biya shi ba tare da an ci sabon bashi ba.

Zaɓin yana da farashinsa, kuma bai dace a ɓoye shi ba. Yaris tana da ƙasa sosai, ta yadda a tsakiyar damina akwai ranakun da yake barin ta a gida ya kai yara bakin titi da ƙafa saboda kwatamin da ke cika hanyar unguwar. But ɗinta ƙarami ne, ko da an turo kujerar baya gaba kamar yadda ƙirar ta ba da dama, buhun shinkafa da jaka biyu sun cika shi, kuma yara uku da suke zama a baya cikin walwala yanzu za su matsu nan da 'yan shekaru. A babbar hanya, idan motar ta cika, wuce tirela yana buƙatar haƙuri da dogon fili. Uwargidansa, wadda ta fara koyon tuƙi da otomatik, sai da ta koma farko. Ga mai iyali shida, ko mai yawan doguwar tafiya, ko wanda ke da niyyar yin haya da motar bayan tashi daga aiki, wannan lissafi zai ba da wata amsa dabam, kuma mai yiwuwa jira har kuɗi su kai Vibe mai cikakkun takardu ya fi masa.

Bayan shekara guda motar ba a buɗe injinta ba, ba ta neman ƙarin baƙin mai tsakanin juye da juye, kuma shan manta yana kusa da abin da ya lissafa a takarda. Fentin yana nan a ƙone, na'urar sanyaya ciki kuma an gano kwamfiresonta ne ya mutu, ya ɗage gyaranta zuwa lokacin da ƙungiyar malamai za ta gama cire rancenta daga albashinsa.